Taruwar ruwa a ƙirjin masu tabon hanta

Taruwar ruwa a ƙirjin masu tabon hanta, wadda likitoci ke kira hefatik haidirotoraks, wani yanayi ne da ruwa ke taruwa a sararin da ke tsakanin huhu da bangon ƙirji na mutumin da hantarsa ta yi tabo mai tsanani, alhali ba shi da ciwon zuciya, ko na huhu, ko na ƙoda da za a jingina wa ruwan. Yawanci ana amfani da wannan suna idan ruwan ya haura mililita 500, wato rabin lita. Ana samun sa a jikin kimanin mutum 5 zuwa 10 cikin kowane 100 masu tabon hanta, kuma a mafi yawan lokuta a ɓangaren dama na ƙirji yake taruwa.

Ruwan ba daga huhu yake fitowa ba. Ruwan ciki ne, wanda ciwon hanta ke tarawa, yake bi ta wasu ƙananan ramuka a tsokar da ta raba ciki da ƙirji ya haura sama. Saboda haka asalin matsalar a hanta take, a can ne kuma ake neman maganinta. Bayyanar wannan ruwa alama ce ta cewa ciwon hantar ya yi nisa, kuma jagororin likitocin hanta sun ba da shawarar a duba yiwuwar yi wa mai shi dashen hanta.

Asalin suna

Sunan da likitoci ke amfani da shi ya samo asali daga kalmomi uku na Girkanci: hefar, ma'ana hanta, hudor, ma'ana ruwa, da toraks, ma'ana ƙirji. Tabon hanta kuwa ana kiransa sirosis, daga kalmar Girkanci kiros, wadda ke nufin launin rawaya mai ɗan duhu. Likitan Faransa René Laennec ne ya raɗa wannan suna a shekarar 1819, saboda launin hantar da ya gani a jikin gawar da ya bincika.

A maganar yau da kullum mutane kan ce mara lafiya yana da "ruwa a huhu", amma wannan furuci yana haɗa abubuwa biyu daban. Akwai ruwan da ke shiga cikin huhun kansa ya cika ƙananan jakunkunan iska, kamar yadda yake faruwa a gazawar zuciya. Akwai kuma ruwan da ke taruwa a wajen huhu, ya kewaye shi ya danne shi. Wannan na biyun shi ne ake samu a masu tabon hanta.

Tsarin wurin da ruwan ke taruwa

Kowane huhu yana lulluɓe da tantani mai ruɓi biyu. Ruɓi ɗaya yana manne da huhun, ɗayan yana manne da bangon ƙirji ta ciki. A tsakaninsu akwai ɗan ruwa kaɗan, bai wuce mililita 10 zuwa 20 ba a jikin lafiyayyen mutum, wanda ke sa su zame wa juna cikin sauƙi lokacin numfashi. Jiki yana samar da wannan ruwa kullum, yana kuma tsotse shi ta hanyoyin limf.

A ƙarƙashin huhu akwai tsokar shamaki, wadda ake kira dayafiram. Faffaɗar tsoka ce mai siffar kifaffiyar ƙwarya, ita ce ta raba ƙirji da ciki, kuma ita ce babbar tsokar numfashi. Gefunanta tsoka ne mai kauri, amma tsakiyarta farar shimfiɗa ce siririya mai kama da agara. Hanta tana kwance a ƙarƙashin rabin dama na wannan shamaki. Idan mutum ya shaƙi iska, shamakin yana sauka ƙasa, matsin da ke cikin ƙirji ya ragu har ya koma zuƙa, matsin da ke cikin ciki kuma ya ƙaru.

Yadda ruwan ke taruwa

Hawan jini a jijiyar fotal

Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga hanta yana zuwa ne ta jijiyar fotal, wadda ke kwaso jini daga hanji, tumbi da saifa. Idan hanta ta daɗe tana ciwo, tabo mai tauri yana maye gurbin lafiyayyen naman ta, hanyoyin jini su matse, jinin ya riƙa taruwa a baya. Bambancin matsi tsakanin jijiyar fotal da jijiyoyin da ke fitar da jini daga hanta bai wuce milimita 5 na zaiba ba a lafiyayyen mutum. Idan ya kai 10 ko fiye, matsaloli sukan fara bayyana.

A lokaci guda jijiyoyin hanji suna buɗewa fiye da kima, sai jinin da ke zagayawa a sauran jiki ya zama kamar ya ragu. Ƙoda tana ɗaukar wannan a matsayin ƙarancin ruwa a jiki, sai ta riƙa riƙe gishiri da ruwa. Hantar da ta lalace kuma ba ta iya samar da isasshen albumin, furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini. Waɗannan abubuwa uku ne ke haɗuwa su sa ruwa ya riƙa tsatsafowa daga hanta da hanji ya taru a cikin ciki.

Ramukan shamaki

Idan ruwa ya cika ciki, yana miƙar da shamakin har zaruruwan tsakiyarsa su ɗan rarrabu. Tantanin ciki yakan kutsa ta tsakaninsu ya yi ƙananan bororo a gefen ƙirji, bororon kuma yana iya fashewa idan mutum ya yi tari ko yunƙuri. Ramukan da ke biyo baya ƙanana ne, yawancinsu ba su kai santimita 1 ba, wasu ma ido ba ya ganinsu. Tun da ƙirji yana zuƙa a duk numfashi, ciki kuma yana turawa, ruwan yana tafiya ne ta fuska ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Yana fara taruwa idan abin da ke shigowa ya fi abin da tantanin huhu zai iya tsotsewa.

Wannan ne ya sa ake samun wasu marasa lafiya da ruwa cike da ƙirji amma babu ruwan a-zo-a-gani a cikinsu. Ruwan cikin nasu yana haurawa ƙirji da zarar ya samu.

A shekarar 2005 likitocin tiyatar ƙirji a Taiwan, ƙarƙashin Huang, sun kasa abin da suka gani da na'urar leƙen ƙirji gida huɗu: shamakin da ba a ga rami a jikinsa ba, mai bororo, mai huji a bayyane, da mai tsagogi da yawa.

Dalilin yawaitarsa a dama

Alƙaluman da aka fi ambata sun nuna cewa kimanin 85 cikin 100 na ruwan a dama yake, kimanin 13 a hagu, kimanin 2 kuma a ɓangarorin biyu. Rabin hagu na shamaki ya fi kauri da yawan tsoka, rabin dama kuwa ya fi faɗin sashe siriri. Ana kuma ganin cewa motsin hanta a ƙarƙashin shamaki lokacin numfashi yana taimakawa wajen tura ruwa sama ta wannan gefe.

Abubuwan da ke jawo tabon hanta

Duk abin da ya kai hanta ga yin tabo yana iya kaiwa ga wannan ruwa. Manyan dalilan su ne ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C, yawan shan giya na shekaru, da taruwar kitse a hanta mai alaƙa da ƙiba da ciwon suga. Akwai kuma dalilai da ba su kai waɗannan yawa ba, kamar cututtukan da garkuwar jiki ke afka wa hanta ko hanyoyin matsarmama, da cututtukan gado da ke tara ƙarfe ko tagulla a hanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B mai daɗewa, miliyan 50 kuma nau'in C. A Turai da Amurka giya, kitse da nau'in C ne kan gaba. A Afirka ta Yamma nau'in B yana cikin manyan dalilai, kuma da yawa sun kamu da shi tun suna jarirai ko ƙananan yara ba tare da sun sani ba. Binciken ƙasa da aka gudanar a Najeriya a shekarar 2018 ya samu nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, nau'in C kuma kashi 1.1.

Alamomi

Alamun sun danganta da yawan ruwan da kuma saurin taruwarsa. Ciki yana iya ɗaukar lita 5 ko fiye mutum yana ta harkokinsa, domin bangon ciki yana miƙewa. Ƙirji kuwa haƙarƙari sun kewaye shi, don haka lita 1 zuwa 2 sun isa su jefa mutum cikin wahalar numfashi sosai. Alamun da aka fi gani su ne:

Haki da sarƙewar numfashi, da farko idan an yi tafiya ko aiki, daga baya ko a zaune.
Busasshen tari wanda ba ya fitar da majina.
Nauyi ko ciwo a gefe ɗaya na ƙirji.
Kasa kwanciya rigingine, ko gwammace kwanciya ta gefen da ruwan yake.
Gajiya da raguwar iskar oksijin a jini.

Tare da waɗannan ana iya ganin alamun ciwon hantar kansa, kamar shawara, kumburin ciki da ƙafafu, ramar hannuwa da kafaɗu, girman saifa, aman jini ko baƙin bayan gida, da ruɗewa ko yawan barci da rana. Wasu kuma ba su da wata alama, a hoton ƙirji da aka ɗauka don wani dalili ake ganin ruwan. A wasu lokuta kaɗan ruwan yakan taru da sauri ya ture zuciya gefe, hawan jini ya faɗi. Wannan hali ne na gaggawa da ke buƙatar a zuƙe ruwan nan take.

Gano cutar

Idan likita ya ƙwanƙwasa ƙirji da yatsa, gefen da ruwa yake ba ya yin amo, kuma ƙarar numfashi tana raguwa a wurin idan aka saurara. Hoton ƙirji na eksire da aka ɗauka ta gaba yana fara nuna ruwa idan ya kai kimanin mililita 200, na gefe kuma yana iya nuna ƙasa da haka. Sikanin na sauti ya fi eksire saurin gano ɗan ruwa, kuma da shi ake zaɓar inda za a soka allura. Hoton siti sikan yana taimakawa wajen kore ƙari ko ciwon huhu, hoton zuciya kuma yana kore gazawar zuciya.

Gwajin ruwan

Ana so a ɗebi samfurin ruwan ƙirji a duk mai tabon hanta da aka ga ruwa a ƙirjinsa karo na farko, ko da an riga an gwada ruwan ciki. Ana soka allura ta baya ko ta gefe, daidai saman haƙarƙari, domin jijiyoyin jini suna bin ƙasan kowane haƙarƙari. Ana rarrabe ruwan ƙirji gida biyu bisa ma'aunin da likitan Amurka Richard Light ya fitar a shekarar 1972: tsararon ruwa mai ƙarancin furotin wanda rashin daidaiton matsi ke jawowa, da ruwa mai yawan furotin wanda kumburi, ƙwayoyin cuta ko sankara ke jawowa. Ruwan masu tabon hanta yana cikin kashi na farko. Siffofinsa su ne:

Launinsa garau ne, ruwan ɗorawa mai haske.
Furotin ɗinsa yawanci bai kai giram 2.5 a kowace desilita ba.
Furotin ɗin ruwan bai kai rabin na jini ba.
Albumin na jini ya fi na ruwan da sama da giram 1.1 a kowace desilita.
Fararen ƙwayoyin jini nau'in nutirofil ba su kai 250 a kowace maikirolita ba.
Sukarinsa daidai yake da na jini.

Magungunan sa fitsari suna iya sa furotin ɗin ruwan ya yi kauri har ya yi kama da na kashi na biyu. A irin wannan hali bambancin albumin ne ya fi zama abin dogaro. Idan har yanzu akwai shakka, ana iya zuba wani sinadari mai alamar tekniitiyam a cikin ciki, a bi shi da na'ura a ga ko zai haura ƙirji cikin 'yan awoyi.

Cututtukan da ake rikita shi da su

Ba duk ruwan ƙirji a jikin mai tabon hanta ba ne ya fito daga ciki. Tarin fuka, wato tibi, nimoniya, sankara, gazawar zuciya, ciwon ƙoda da kumburin fankiriyas duk suna tara ruwa a ƙirji. Ana ƙara zargin wani dalili idan ruwan a hagu yake kaɗai, ko akwai zazzaɓi, ko babu ruwa a ciki.

Bambance shi da tibi yana da muhimmanci a ƙasashen da tibi ya yawaita, irin su Najeriya. Ruwan tibi yana da yawan furotin da fararen ƙwayoyin jini nau'in limfosayit. Uku daga cikin manyan magungunan tibi, wato aisonayazid, rifamfisin da firazinamayid, suna iya cutar da hanta. Idan aka ɗora mai tabon hanta a kansu bisa zato kawai, ba tare da gwada ruwan ba, hantar tasa tana iya ƙara lalacewa.

Akwai kuma wasu matsalolin huhu biyu da tabon hanta ke jawowa ba tare da ruwa ba. A ɗaya ƙananan jijiyoyin huhu ne ke buɗewa fiye da kima har jini ya wuce bai ɗauki oksijin ba, a ɗayar kuma matsin jini ne ke hauhawa a jijiyoyin huhu. Dukansu suna kawo haki, amma maganinsu daban ne.

Kamuwar ruwan da ƙwayoyin cuta

Ruwan da ya taru yana iya kamuwa da bakteriya ba tare da mutum yana da nimoniya ba. An ruwaito haka a kimanin 13 zuwa 16 cikin 100 na masu wannan ruwa. Ƙwayoyin da aka fi samu na hanji ne, kamar Escherichia coli, Klebsiella da Enterococcus, sai kuma Streptococcus. Suna isa ƙirji ta cikin jini ko tare da ruwan cikin da ya riga ya kamu. Ana iya samun ruwan ƙirji ya kamu alhali na ciki lafiya lau yake, shi ya sa gwajin ruwan ciki kaɗai ba ya wadatarwa.

Alamun ba sa fitowa fili koyaushe. Wani zai yi zazzaɓi da ciwon ƙirji, wani kuwa ruɗewa kawai za a gani ko aikin ƙodarsa ya ja baya. Ana tabbatar da kamuwar idan nutirofil suka haura 250 a maikirolita kuma an shuka ruwan ƙwayar cuta ta tsiro, ko suka haura 500 ko da ba ta tsiro ba. Maganinta allurar kashe ƙwayoyin cuta ce ta jijiya, kamar seftirayakson ko sefotaksim, na kwana 7 zuwa 10, kuma likitoci da dama suna haɗawa da ƙarin albumin don kare ƙoda. Ba a sa tiyo a ƙirji sai idan mugunya ce sosai ta taru.

Magani

Manufar magani uku ce: rage ruwan da jiki ke tarawa, sauƙaƙa numfashi, da magance ciwon hantar kansa.

Kawar da abin da ke cutar da hanta

Daina shan giya gaba ɗaya yana iya sa hanta ta ɗan farfaɗo ko bayan ta yi tabo. Masu nau'in B ana ba su tenofobir ko entekabir don danne ƙwayar cutar. Nau'in C kuwa yana warkewa a jikin fiye da 95 cikin 100 da magungunan sha na zamani, yawanci cikin mako 12. Ana hana mai tabon hanta shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikilofenak, domin suna sa ƙoda ta riƙe gishiri kuma suna iya lalata ta. Haka nan ana gargaɗi game da jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Rage gishiri

Ana taƙaita sodiyam zuwa kimanin giram 2 a rana, daidai da giram 5 na gishirin girki, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya a duk abincin yini. Lissafin ya haɗa da sodiyam ɗin da ke ɓoye a dunƙulen ɗanɗano, kanwa, kilishi, yajin tsire, kifin gwangwani, burodi da taliyar leda mai haɗin ɗanɗano. Ba a hana shan ruwa sai idan sodiyam na jini ya faɗi ƙasa da kimanin 125. Ba a kuma rage wa mara lafiya furotin, domin ramar tsoka tana ƙara masa haɗari.

Magungunan sa fitsari

Ana farawa yawanci da sifironolakton miligiram 100 tare da furosimayid miligiram 40 a rana, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har zuwa iyakar 400 da 160. Ana auna nauyin mara lafiya kullum. Abin da ake so shi ne ya ragu da kimanin rabin kilo a rana, ko kilo 1 idan ƙafafunsa sun kumbura. Ana bibiyar aikin ƙoda, sodiyam da fotasiyam, domin magungunan suna iya jawo rauni a ƙoda, ɗaurewar tsoka, ruɗewa, ko girman nono ga maza. A kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na marasa lafiya ruwan ba ya jin wannan magani, ko jikinsu ba ya jure shi.

Zuƙe ruwa da allura

Idan ciki ya cika tam, ana fara zuƙe ruwan ciki, wanda shi kaɗai yakan sauƙaƙa numfashi. Idan an cire fiye da lita 5 ana ƙara wa mara lafiya albumin giram 6 zuwa 8 kan kowace lita. Zuƙe ruwan ƙirji yana kawo sauƙi nan da nan, amma bisa al'ada ba a wuce lita 1.5 zuwa 2 a zama ɗaya, don gudun kada huhun da ya daɗe a danne ya cika da ruwa idan ya buɗe farat ɗaya. Ruwan yakan dawo cikin kwanaki ko makonni. Yawan maimaita zuƙar yana ƙara haɗarin shigar iska ƙirji, zubar jini da kamuwa da ƙwayoyin cuta, kuma kowace zuƙa tana tafiya da furotin.

Tiyon ƙirji

Jagororin likitocin hanta na Amurka da Turai sun yi gargaɗi game da sanya babban tiyon da ake barinsa a ƙirji yana zubar da ruwa, irin wanda ake sa wa wanda ya yi haɗari ko mai mugunya a ƙirji. Tun da ruwan daga ciki yake tahowa ba ya yankewa, tiyon yakan zubar da lita bayan lita kowace rana. Mara lafiya ya yi asarar furotin da sinadaran jini, ƙodarsa ta gaza, ƙwayoyin cuta su shiga, cire tiyon kuma ya zama da wuya domin wurin ba ya daina yoyo. Akwai siririn tiyo da ake bi da shi ta ƙarƙashin fata, wanda ake zubar da ruwa kaɗan-kaɗan a gida. Ana amfani da shi musamman ga waɗanda ba za a iya yi musu wani aiki ba kuma burin shi ne su sami sauƙi, tare da sanin cewa shi ma yana da haɗarin ƙwayoyin cuta.

Buɗe hanya a cikin hanta

Aikin da ake kira TIPS shi ne a bi ta jijiyar wuya da siririyar waya har cikin hanta, a sa ɗan bututun raga da zai haɗa jijiyar fotal da jijiyar da ke fitar da jini daga hanta. Matsin jini yana sauka, ruwa ya rage taruwa. Kimanin 70 zuwa 80 cikin 100 na waɗanda aka zaɓa da kyau suna samun sauƙi. Babbar illarsa ita ce ruɗewar ƙwaƙwalwa, domin jinin hanji yana wucewa ba tare da hanta ta tace shi ba. Ba a yin sa ga wanda hantarsa ta gaza ƙwarai, ko mai gazawar zuciya, ko mai hawan jini mai tsanani a jijiyoyin huhu, ko mai yawan ruɗewa, ko wanda ƙwayoyin cuta ke jikinsa a lokacin.

Tiyata da manne tantani

Ana iya shiga ƙirji da na'urar leƙe a ɗinke ramukan shamaki ko a rufe su da raga, a kuma zuba hodar talk don tantanin biyu su manne da juna. Mannewar takan gagara idan ruwa yana dawowa da sauri, domin yana raba tantanin kafin su kama. Tiyatar tana da haɗari ga wanda hantarsa ta yi rauni sosai.

Dashen hanta

Dashen hanta shi ne maganin da ke kawar da tushen matsalar, kuma waɗanda aka yi wa dashe suna rayuwa kusan daidai da sauran masu dashen da ba su taɓa yin ruwan ƙirji ba. Ƙasashe kaɗan ne a Afirka ke yin wannan aiki a kai a kai, daga cikinsu akwai Masar da Afirka ta Kudu.

Makomar mai ciwon

Nazarce-nazarce sun nuna cewa idan ba a yi dashe ba, matsakaicin tsawon rayuwa bayan bayyanar ruwan yana tsakanin wata 8 zuwa 12, ko da yake ya bambanta sosai daga mutum zuwa mutum, musamman idan an kawar da abin da ke cutar da hantar. Likitoci suna auna tsananin ciwon hanta da ma'aunin Child-Pugh, mai aji A, B da C, da kuma ma'aunin MELD, mai maki 6 zuwa 40. MELD yana dogara ne da gwaje-gwajen jini, ba ya lissafa ruwan ƙirji, don haka yana iya nuna haɗarin ƙasa da yadda yake. Kamuwa da ƙwayoyin cuta, gazawar ƙoda da zubar jini su ne manyan abubuwan da ke kai ga mutuwa.

Tarihi

A shekarar 1955 Emerson da Davies a Ingila suka bayyana rami a shamakin wani mara lafiya mai ruwan ciki da na ƙirji. A 1958 Morrow da abokan aikinsa a Amurka suka yi amfani da sunan da aka san yanayin da shi yanzu. A 1966 Lieberman da abokan aikinsa suka zuba iska a cikin cikin marasa lafiya, suka gan ta a hoton ƙirji bayan ɗan lokaci, abin da ya ƙarfafa bayanin ramukan shamaki a kan sauran bayanai, kamar ƙarancin albumin kaɗai ko yoyon hanyoyin limf. Thomas Starzl ya yi dashen hanta na farko a jikin ɗan Adam a Denver a 1963. An fara yin TIPS da bututun ƙarfe a Freiburg ta Jamus a ƙarshen shekarun 1980, aka kuma fara amfani da shi don ruwan ƙirji a shekarun 1990.

Rigakafi

Hanyar kauce wa wannan ruwa ita ce hana hanta kaiwa ga tabo. Akwai allurar rigakafin nau'in B, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa, a biyo da sauran. Najeriya ta sa ta cikin jadawalin rigakafin yara a shekarar 2004. Sauran matakan sun haɗa da gwada mata masu juna biyu, tantance jini kafin a ƙara wa wani, da guje wa amfani da allura, reza ko aska ɗaya ga mutane da yawa wajen aski, kaciya, ƙaho ko yankan farce. Wanda aka riga aka gano yana da tabon hanta ana so ya riƙa zuwa asibiti a kai a kai, ya kiyaye gishiri, kuma ya nemi likita da zarar ya ji sabon haki, tari ko zazzaɓi.